Wata shida a Hamburg da takardun kakana

18 ga Satumba, 2024, Kano

Fasfo ya dawo daga Legas jiya, da biza ta wata shida a ciki. Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, saboda in na dawo sashenmu zai nemi rahoto, ni kuwa na san halina da mantuwa.

Zangon karatu ɗaya zan yi a Jami'ar Hamburg a matsayin ɗalibin musaya, daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris. Ina shekara ta biyu a digiri na uku, aikina kuma a kan waƙoƙin wa'azi ne na ajami da kakanmu Malam, Allah ya jiƙansa, ya bari a gafaka biyu. Tun da azumi na ɗauki hotunansu da waya, shafi 212, da su zan tafi. Asalin takardun kuwa Baffa ya ce ko ƙofar zaure ba za su ƙetare ba, ban kuma yi masa musu ba.

Tallafin Yuro 934 ne a wata. Da yake kuɗin gwamnatin Jamus ne, an ɗauke mini Yuro 75 na biza, ba a kuma ce in buɗe asusun nan da ake kullewa ba, wanda daga wannan watan sai ɗalibi ya zuba Yuro 11,904 na shekara guda. Yau a Wapa Yuro ɗaya ya doshi naira 1,800. Da wannan sharaɗi ya hau kaina, ko gidanmu aka sayar sai an yi ciko. Kuɗin jirgi sai na isa za a maido mini, don haka na ci bashin ƙungiyar ma'aikata.

27 ga Satumba

Na sayi jaket biyu da takalmin sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai, naira 58,000. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin rogo da ƙuli-ƙuli duk sun shiga jaka. Hajiya ta kwana biyu tana haɗa dambun nama, na rasa bakin da zan gaya mata cewa ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara a kayan matafiyi. Da na faɗa, sai ta ce, "To su can me suke so ka ci?" Na ce, "Hajiya, akwai Musulmi a garin." Ta ce Musulmi dai ba su ne dambu ba. Auta ne ya ci riba.

3 ga Oktoba, Hamburg

Na sauka shekaranjiya ta Frankfurt. Ɗakina yana cikin wani gidan ɗalibai, mu huɗu muke haɗa kicin da banɗaki. Gado ne da katifa tsirara, tebur, kujera, sai kabad. Ba bargo, ba matashi. Daren farko da jaket biyun nan na rufa.

Jiya na ce bari in huta, yau in yi cefane. Ashe yau hutun ranar haɗewar Jamus ne, kantuna duk a rufe kamar an yi ruwa an ɗauke. Na jiƙa gari da ƙuli-ƙuli. Da yamma maƙwabcina, wani ɗan Vietnam mai karatun injiniya, ya gaya mini akwai kanti a babbar tashar jirgin ƙasa da ke buɗewa ranar hutu da Lahadi. Ya kuma ce in sa a raina kowace Lahadi haka garin yake.

10 ga Oktoba

Makon takardu. Kowace takarda tana jiran 'yar'uwarta. Doka ta ce cikin kwana 14 mutum ya yi rajistar adireshinsa a ofishin unguwa, abin da suke kira Anmeldung, amma sai da shaidar mai gida. Bankin da na je ya ce sai da takardar rajistar. Masu tallafi ba sa turo kuɗi sai da lambar asusu, inshorar lafiya ma haka, jami'a kuma ba ta kammala ɗaukarka sai inshora ta shaida mata. Na samu ranar ganawa a wani ofishi can gefen gari da ƙarfe 7:40 na safe, na fita cikin duhu da yayyafi, aka gama da ni cikin minti goma.

Abin da ya fita daga Yuro 1,300 da na canzo: hayar wata 365, jinginar ɗaki 400, kuɗin zango na jami'a kusan 340, bargo da tukunya da tarkace 74. Saura bai kai 130 ba, tallafi kuma sai ƙarshen wata. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne a cikin kuɗin zangon har da tikitin shiga bas da jirgin ƙasa na kusa a duk faɗin Jamus, ban da masu gudun nan irin ICE.

18 ga Oktoba

An fara darasi ranar Litinin. Sashen nazarin Afirka yana cikin Asien-Afrika-Institut, a ɓangaren gabas na babban ginin jami'a, tsallaken tashar Dammtor. A jadawali an rubuta 10 c.t., na je tun goma saura kwata na zauna ni kaɗai kamar maraya, har na fara zargin na ɓata aji. Ashe wannan c.t. ɗin nufinsa goma da kwata. Da malama ta gama kuma sai na ji aji ya ɗauki ƙwanƙwasa tebur da dunƙulen hannu. Tafinsu ke nan.

Na ɗauki darasin nazarin rubutun hannu, da na taskace harshe, da Jamusanci matakin farko, da wani darasi guda. Na kuma amsa zan riƙa shiga ajin Hausa ranar Laraba don su yi hira da ɗan ƙasa. Su shida ne. Wata ta gaishe ni tiryan-tiryan, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har na ji kunyar "ya kake" da nake yi wa mutane.

A laburare na buga "Hausa" a kwamfutar bincike, sai ga tarin sakamako. Na ce kai, ashe haka aka yi mana aiki! Da na duba, da yawansu Hausarbeit ne da Hausaufgabe da Hausarzt, wato takardar ƙarshen zango, da aikin gida, da likitan iyali. Haus gida ne a Jamusanci, ba ruwansa da mu.

24 ga Oktoba

Yau na sha ƙasa, bari in rubuta shi dalla-dalla.

Na kai wa Farfesar da ke kula da ni hotunan a ofishinta. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai, bakina ya ƙi, Farfesa dai nake cewa. Ta buɗe hoton farko ta yaba hannun magatakardan, ta karanta baiti biyu da kanta, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ba ta yi tuntuɓe ba. Sannan ta fara tambaya. Tsawon takardar da faɗinta nawa? Ban auna ba. Wannan shafin gaban ganye ne ko bayansa? Ban rubuta ba. Akwai tambari a jikin takardar in an ɗaga ta a haske? Ban taɓa ɗagawa ba. Ta ce ina gefen shafukan?

Nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da nake ɗauka, wai don rubutu ya fito raɗau, na riƙa matso da waya ina yanke gefe. Alhali littattafanmu na da ba a ɗinke su, ganye ne warwatse a cikin tadarishi, kuma abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da magatakarda yake sakawa a kusurwar ƙasa, wadda da ita ganye na gaba zai fara. Na yanke ta a fiye da rabin hotunan. Hashiyar da Malam ya yi da ƙaramin alƙalami ita ma ta tafi. Wato waƙar da na yi wata huɗu ina juyawa zuwa boko, ban da tabbacin baitocinta a jere suke, ko ma waƙa ɗaya ce ba biyu da suka cakuɗe ba.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kalmomin na ɗauko, takardar na baro a gida. Ta ba ni jerin ƙa'idoji shafi ɗaya: hasken rana amma a inuwa, baƙin ƙyalle a ƙasa, rula a gefe, dukkan kusurwa huɗu su fito, gaba sannan baya, kada a sauya jerin da aka tarar ko da ya yi kama da kuskure.

Shiri: Auta zai sake ɗauka gaba ɗaya. Sai na roƙi Baffa ya sake buɗe gafakar.

29 ga Oktoba

Aiki ya tsaya. Fiye da mako guda ke nan yawancin Arewa ba wuta, Auta ya ce wurin 'yan caji layi ake yi kamar na mai, kuɗin ma sun ninka. Na tura masa naira 15,000 na caji da data da rula.

Ranar Lahadi an mai da agogo baya da awa ɗaya, yanzu lokacinmu ɗaya da gida. Tallafi ya shigo jiya, har da kuɗin jirgi. Na biya rabin bashin ƙungiya.

8 ga Nuwamba

Lissafin abinci na Oktoba: Yuro 171. Ya yi yawa, kuma laifin kantin tasha ne da cin abinci a Mensa, gidan abincin ɗalibai, kullum. Na koma dafa tukunya babba ranar Lahadi. Garin semolina yana tuƙuwa, da miyar kuka ba laifi. Nama a Steindamm nake saya, titin da ke bayan babbar tasha, inda mahautan halal suke jere. An turo wasiƙar harajin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida ko da ba ka da akwatin, muka raba huɗu. Robar ruwa kuma ba a yar da ita, akwai santi 25 a kanta in ka mayar kanti. Mako uku ina zubar da kuɗi a shara.

15 ga Nuwamba

Juma'a a wani masallacin mutanen Afirka ta Yamma a unguwar St. Georg, hawa na biyu a wani gini da ba za ka taɓa cewa masallaci ba ne. Ana sallamewa na ji Hausa ta ko'ina. Wani dattijo mutumin zangon Kumasi, shekararsa 30 da wani abu a garin, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya ce to yau ga mai Hausar asali. Yana ba ni labarin 'yarsa yana cewa "ya gama makaranta, ya yi aure", sai da na ɗan daure kafin na gane mace ake nufi. Abin da muke karantawa a aji ke nan, cewa Hausar Gana ta ajiye bambancin namiji da mace, yau na ji shi da kunnena a bakin kogin Elbe. Ya hana ni tafiya sai da na ci waake, shinkafa da wake irin na Gana, a shagon wata ƙanwarsa.

23 ga Nuwamba

An gama gafaka ta farko, ganye 61. Asabar uku muka yi, ni a waya ta bidiyo, Auta a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, Baffa a kan kujera da carbi yana gadi. Sharaɗinsa biyu: a yi alwala kafin a taɓa, kuma shi zai riƙa miƙo ganye yana karɓa. Wannan na biyun ya yi mana rana, don ba wanda ya isa ya hautsina jeri.

Asabar ta farko ta tafi a banza. Auta ya turo hotunan ta WhatsApp kai tsaye, manhajar ta matse su, wasulla suka narke, ɗigon imala da ƙurar takarda ba bambanci. Sai da ya sake turowa a matsayin fayil, data ta ci kusan ninki goma.

Yau kuma na ce ya ɗaga ganye ɗaya saitin rana. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, akwai wata a ciki. Guda uku ne ma, a jere, babba da matsakaici da ƙarami." Baffa ya miƙe ya karɓa ya duba da kansa. Shekara 50 yana buɗe takardun nan bai taɓa gani ba. Ita ce takardar da masana ke kira tre lune, wadda aka riƙa yi a arewacin Italiya, tana bi ta Masar da Tarabulus, ta keto Sahara a bayan raƙuma har kasuwanninmu. Na gaya wa Baffa haka. Ya ce, "Ikon Allah. To Malam dai a Kurmi yake saya."

4 ga Disamba

Kwana biyar a kwance, mura da zazzaɓi. Likitoci biyu na unguwa sun ce ba sa ɗaukar sabon mara lafiya, na kira 116117, lambar da ake nema wa mutum likita in ba gaggawa ba ce, aka haɗa ni da wata. Ban biya ko sisi ba, katin inshora kawai na miƙa. Na zaci allura za a yi, ta ce in sha shayi in kwanta.

Ina kwance na lura da baƙi-baƙi a bango bayan kabad. Fumfuna ce. Tun da na zo ban taɓa buɗe taga ba, hita tana kan lamba 5 dare da rana, a ɗakin kuma nake shanya. Mai kula da gini ya zo ya duba, ya yi mini lacca da Jamusancin da kalma ɗaya na tsinta a ciki, lüften. A buɗe taga warwar sau biyu a rana, minti biyar zuwa goma, ko ana ƙanƙara. Ya ce za a gani a kuɗin jingina. Maganin fesawa Yuro 6.

12 ga Disamba

Na gabatar da aikina a aji, minti 20. Rabin farko ya tafi daidai. Da sababbin hotuna na nuna cewa abin da na ɗauka waƙa ɗaya ce ashe biyu ne masu amsa-amo iri ɗaya, ganye huɗu na ta biyu sun kutsa tsakiyar ta farko.

Sai ramzi. A baitin kusa da ƙarshe mawaƙin ya ba da shekara da haruffa huɗu: shin, sin, mim, ba. Na ɗauko lissafin abajada daga intanet, shin 300, sin 60, mim 40, ba 2, ya ba ni 402. Na san ba zai yiwu a ce an yi waƙar Hausa a shekara ta 402 ta hijira a kan takardar Italiya ba, don haka na tsaya gaban mutane na ce mai yiwuwa magatakarda ya yi kuskure. Wani ɗalibi mai aiki kan littattafan Timbuktu ya ɗaga hannu cikin ladabi ya tambaya ko da wane lissafi na yi, na gabas ko na Magrib. Na ce zan duba. An ƙwanƙwasa tebur, amma ni gumi nake a cikin sanyin nan.

14 ga Disamba

Kafin in je laburare na kira Baffa bayan asuba. Ko gama karanto haruffan ban yi ba ya ce, "Shasmab. Dubu da ɗari uku da arba'in da biyu." Na ce, "Baffa, shin ba ɗari uku ba ne?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan lissafin mutanen gabas ne, a wurinmu shin dubu ne, sin ɗari uku, duk almajirin da ya yi hisabi a zaure ya san haka. Ya ƙara da cewa, "Kai da ka tafi Turai neman abin da ke ƙofar ɗakinka."

Na haɗiye, don yana da gaskiya rabi. Shekarar 1342 ta kama 1923 zuwa 1924. Da na kai wa Farfesa, ta ce madalla, amma in tuna ramzi shekarar da aka yi waƙa yake faɗa, ba lallai shekarar da aka kwafe wannan kofin ba, kuma in rubuta Baffa a cikin madogarata da ranar da muka yi magana, kamar yadda zan rubuta kowane littafi. Na gaya masa. Ya ce a rubuta da kyau.

22 ga Disamba

An tafi hutu, gidan ya zama kufai. Rana ba ta leƙowa sai wajen 8:30, ƙarfe 4 ta faɗi, in ma an gan ta ke nan. Azahar, la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu. Lokacin darasi a ƙarƙashin matakala nake haɗa goshi da ƙasa tsakanin aji da aji. Wannan duhun ya fi sanyin cin rai. Mai ɗakina ta ce muryata ta canza, na ce mura ce.

4 ga Janairu, 2025

Na gaji da zaman ɗaki na fita yawo. Da tikitin ɗalibai na hau jirgin ruwa mai lamba 62 daga Landungsbrücken, na ga tashar jiragen ruwa da ƙugiyoyinta kamar raƙuman dawa. A hanyar dawowa na bi ta wani titi kusa da jami'a, Heinrich-Barth-Straße. Na sha wucewa ban kula ba.

Barth ɗan garin nan ne, an haife shi a 1821, shi ne Abdulkarim da ya shiga Kano a farkon 1851 ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta. Abokin tafiyarsa Overweg, shi ma ɗan Hamburg, a bakin Tafkin Chadi ya rasu a 1852. Amma wanda ya tsaya mini a rai Dorugu ne, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Overweg ya 'yanta shi, Barth ya zo da shi Turai tare da wani yaron, Abbega, a 1855, har garin nan. Daga bakinsa wani ɗan mishan, Schön, ya rubuta Hausa mai yawa a Ingila, da ita Turawa suka daɗe suna koyon harshen. A Kano ya ƙare rayuwarsa, a 1912. Titi dai sunan Barth yake ɗauke da shi.

Kujerar koyar da harsunan Afirka a nan ta girmi jami'ar kanta. An naɗa Carl Meinhof a 1909 a cibiyar mulkin mallaka da aka buɗe a 1908, jami'a kuwa sai 1919. Don jami'an mulki da 'yan kasuwa aka fara. Malaman yanzu ba sa ɓoye wannan, a darasin farko ma suka faɗa. Duk da haka in na shiga laburaren na ga littattafan Hausa na Zariya da na shekara ina nema a gida ban samu ba, a jere, ba ƙura, raina yakan kasu biyu.

17 ga Janairu

Gafaka ta biyu ta kammala, ganye 49. Jimla ganye 110, wato shafi 220, ashe da can na tsallake 8. Ganye 7 gara ta taɓa, 3 wani ya taɓa liƙa musu salatif, ya ci tawadar. Na hana Auta ɓamɓarewa.

31 ga Janairu

Darussa sun ƙare. Jarrabawar Jamusanci ta wuce lafiya, sai dai der, die, das, masu nuna jinsin suna, har yanzu canki-canka nake yi. A ajin Hausa na yi musu ban kwana da kuka da kuka, na itace da na hawaye, su rarrabe da kunne. Huɗu sun ci.

Ranar Talata waya ta mutu a jirgin ƙarƙashin ƙasa saboda sanyi, tikiti kuma a cikinta yake. Masu duba tikiti suka rubuta mini Yuro 60. Washegari na je ofishinsu na nuna ina da shi, aka bar ni da 'yan kuɗin aiki. Na sayi ƙaramin batirin caji, Yuro 15.

16 ga Fabrairu

Ina rubuta Hausarbeit ɗin gaske, shafi 15, kan waƙoƙi biyun da suka cakuɗe. Kullum ina Stabi, babban laburaren jami'a, daga 9 zuwa 6. Ba wani labari.

2 ga Maris

Azumi ya kama jiya, rana ɗaya da gida. Kusan awa 13 ne, ba ƙishirwa ko kaɗan. Ina shan ruwa wajen ƙarfe 6, su a Kano sai bayan minti 40, don haka Hajiya ta hana ni kira da cokali a hannu. Baba na Kumasi ya sa ni cikin masu buɗa-baki a masallaci. Akwai koko, babu ƙosai. Na miƙa takardata ranar Juma'a.

19 ga Maris

Sakamako ya fito: 1,7 a takardar, 2,3 a taskace harshe. A nan 1,0 ne ƙoli, 4,0 ne iyakar ci, sai na haɗa da bayani kada a gida a ɗauka na faɗi. Na tara makin kwas (ECTS) 24 maimakon 30 da aka tsara, saboda na ajiye darasi ɗaya a Nuwamba lokacin sake ɗaukar hotuna. Na rubuta wa shugaban sashenmu tun a lokacin ya amince, na buga wasiƙar na adana.

Gyaran Farfesa shafi biyu ne. Mafi nauyi: hannu biyu ne suka yi rubutun gafaka ta farko, ɗaya yana ja wa ɗa mai hannu doguwar sanda, ɗayan gajera, ni kuma na jingina duka ga Malam. Sai na tambayi Baffa wa yake yi wa Malam kwafi.

An duba ɗaki. Za a cire Yuro 85 na fentin bangon nan, sauran 315 sai bayan mako shida, don haka ba zan rufe asusun banki ba tukuna.

27 ga Maris

Na yi Abmeldung, wato soke rajistar adireshi, na soke inshora da harajin rediyo, na mayar da littattafai 11. Takardar sakamako ta jami'a za a aiko ta imel cikin Afrilu. Kwanan nan su Kano sun fara riga ni shan ruwa.

Na sayi takarda marar asid fakiti biyu da kwalaye huɗu na ajiyar rubutun hannu, Yuro 96, nauyinsu ya haura kilo 5. Don su samu wuri na bar wa ɗan Vietnam tukunya da bargo, jaket ɗaya kuma na kai masallaci. Ban san ko Baffa zai yarda a fitar da takardun daga gafaka ba. Shawarar da na yanke ita ce in saka farar takarda tsakanin ganyen da gara ta taɓa, in mayar cikin tadarishinsu, gafakar gaba ɗaya ta shiga kwali.

Bayan salla: auna kowane ganye, duba tambarin duka 110 a rubuta, zama da Baffa da rikoda ya rera waƙoƙin yadda ya ji Malam yana yi, sannan a je Fagge wurin tsohon almajirin Malam da Baffa ya ce shi ne mai gajeriyar sanda, in yana da sauran gani. Ragowar bashin ƙungiya naira 240,000. Jirgi gobe 6:30 na safe, jirgin ƙasa na farko zuwa filin jirgi zan bi.